Digirina bai shirya ni wa wannan ba

Tambaya: Anti, ni ce malamar ba da shawara a wata sakandaren 'yan mata a Gusau. Shekara takwas da gama digirina. Yanzu yaran da ke zuwa ofishina yawanci waɗanda aka koro daga ƙauyukansu ne. Akwai wadda da ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin benci. Ina zan ƙaro ilimi?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Nemi littafin mhGAP, jagoran kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara fitowa a 2010. Kyauta ne a intanet, don waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba aka rubuta shi, kuma akwai babi kan yara da matasa.

Amma karatu kaɗai ba ya isa. Ki samu wata ƙwararriya da ta girme ki a aikin, ku riƙa zama ko sau ɗaya a wata, ki baje mata matsalolin ba tare da sunan yarinya ba. Ni dai na fi ƙaruwa a irin wannan zama fiye da bitar otal ta kwana biyu, mai jaka da satifiket. Tarukan CASSON, ƙungiyar masu aikin ba da shawara ta Najeriya, ma ki riƙa leƙawa.

Yarinyar bencin kuwa, kada ki matsa mata ta ba da labari. In ta daina cin abinci ko ta ambaci mutuwa, ki kira iyayenta, a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato ba tare da jinkiri ba.