Ɗa zai iya gyara wa mahaifinsa a addinin Yahudawa?

Tambaya: Na ji ana cewa Yahudawa mutane ne masu son muhawara, har ɗalibi kan ja da malaminsa. Shin hakan ya shafi iyaye? Ɗa zai iya ce wa mahaifinsa "ka yi kuskure" kuma a ce yana da ladabi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Zai iya gyara masa, 'yar'uwa, amma ba da wannan lafazin ba.

Attaura ta ɗora wa ɗa abu biyu: girmama iyaye da jin nauyinsu. Littafin Talmud, babban kundin bayanan malaman Yahudawa na dā, a babin Kiddushin, ya fayyace su. Girmamawa aiki ne: ciyarwa, shayarwa, tufatarwa, da kama hannun tsoho shiga da fita. Jin nauyi kuwa hani ne: kada ya tsaya ko ya zauna a mazaunin mahaifinsa, kada ya musa masa magana. Har ma in uban yana gardama da wani, ɗa ba zai ce "Baba ne da gaskiya" ba, domin ya mai da kansa alƙali a kan mahaifinsa ke nan.

To ina hanyar gyara? A babin nan an kawo wani malami, Rab Yahuda, wanda ya ji mahaifinsa ya karantar da wata mas'ala a karkace, ya ce masa, "Abba, kada ka karantar haka." Malaminsa Shamu'el ya tsawata masa, ko da yake gyaran daidai ne. Lafazin da aka yarda da shi shi ne ɗa ya kawo nassi ya bar uban ya gano da kansa. Musa bn Maimun, babban malamin shari'ar Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ce a yi shi da sigar tambaya: "Abba, ba kaza aka rubuta a Attaura ba?" Kamar mai neman sani. Inda ake yawan zamewa shi ne murya: tambayar da aka yi da gatse, ko a gaban jama'a don kunyatarwa, ta koma musun da aka hana.

Akwai kuma wuraren da ƙin bin umarnin ya halatta. Idan uba ya ce a saɓa wa shari'a, kamar keta alfarmar Asabar, ranar hutunsu mai tsarki, ko riƙe tsintuwa, ba a bi. Littafin hukunce-hukunce na Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a birnin Benis na Italiya a 1565, ya ƙara da uban da ya hana ɗansa sulhu da wani, da wanda ya hana shi tafiya karatu wurin malamin da ya fi gamsuwa da shi. Malam Musa Isarles na birnin Karako a Poland ya haɗa da aure: uba ba zai hana ɗa auren matar da ya zaɓa ba. A duk waɗannan, umarnin ne ya faɗi, ladabin harshe yana nan daram.

Shi ma uba an ja masa kunne. An hana shi tsananta wa 'ya'yansa wajen neman girma, kuma in ya yafe haƙƙinsa, ya yafu. Saboda haka gidan da uba ya ce "ku ja da ni a karatu", ja ɗin ba laifi ba ne, sai dai wannan izinin bai kai ga zagi ko wulaƙanci ba.