Irin bilakberi ya ƙi tsira: wane sinadari zan sa masa?

Tambaya: Malam, na ciri ƙwayoyin iri daga 'ya'yan bilakberi nunannu (wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace ne na ƙasashen sanyi), na wanke na shuka a tukwane. Wata 3 ke nan ina ban ruwa, ko ɗaya bai leƙo ba. An ce akwai sinadarin da ake jiƙa irin a ciki. Wanne ne?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa irinka lafiyarsa ƙalau, barci yake yi. Kuma barcin ninki biyu ne: ɓawonsa mai tauri ne ƙwarai, ga ɗan tsiron da ke ciki ba ya motsawa sai ya sha sanyi na watanni. A dawa tsuntsaye ne ke haɗiye 'ya'yan su yar da irin, sannan hunturu ya ƙarasa aikin.

Masu kyautata iri, kamar na Jami'ar Arkansas ta Amurka da suka fara nasu aikin a 1964, da salfurik asid wanda ƙarfinsa ya kai kashi 98 cikin 100 suke cin ɓawon. Dole irin ya bushe ƙayau, don asid ɗin in ya gamu da laima zafi yake tayarwa, ya dafa ƙwayar. Shi ya sa ake dasa kwalbar da aka zuba irin da asid ɗin cikin ƙanƙara ana juyawa a hankali. Lokacin kuwa ya danganta da kaurin ɓawo, daga minti 30 har awa 3. Za ka ga irin ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Sai a juye shi cikin ruwa mai yawa (asid ake zubawa a ruwa, ba a taɓa zuba ruwa a asid), a ɗauraye sosai, a kashe sauran kaifin da ruwan bekin soda, a murje ƙonannen ɓawon.

Ni dai ba zan ba ka shawarar yin wannan a gida ba. Ɗigo ɗaya yana huda riga, balle ido. Kada kuma ka ce ruwan batir zai maye gurbinsa. An sirka shi da ruwa, ba zai yi aikin ba. Abin da ya fi sauƙin haɗari shi ne jiƙa irin a bilic na wanki, ko ka goga irin a takardar yashi, sai dai sakamakon bai kai na asid ba.

Wasu sinadarai biyu, jibarelik asid da fotashiyam naitiret, suna taimakawa wajen farkar da ɗan tsiron, amma bayan an raunana ɓawon. Duk da haka sanyin nan ba makawa: ka gauraya irin da yashi mai danshi, ka ajiye a firji kan digiri 2 zuwa 5, wata 3 ko 4.

Kafin ka sha wannan wahala, ka sani abin da ya tsiro daga iri ba lallai ya yi kama da uwarsa ba. In 'ya'ya kake so, lanƙwaso kan reshe ka binne a ƙasa, cikin 'yan makonni zai yi saiwa, ka yanke ka dasa.