Elmina ba ginin bayi kaɗai ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai abin gani a Elmina ta Ghana ban da tsohon ginin nan na bakin teku. Akwai mana! Shi ginin, Turawan Fotugal suka gina a 1482 don cinikin zinariya, daga baya ya koma wurin tsare bayi. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872.

Amma asali garin masunta ne. Ka yi sammako ka tsaya kan gadar Benya, tafkin da ke haɗe da teku: kwale-kwale masu fenti kala-kala a cunkushe, mata na rububin kifi da manyan robobi, ƙarni kuwa har cikin riga. Ni wannan ya fi burge ni. Kada dai ka je ranar Talata, masunta ba sa fita kamun kifi.