Amsa: Bambancin chew, gnaw da munch

Malam, ka tambaya ko kalmomin nan uku na Turanci ma'anarsu ɗaya. A'a. Chew ita ce tauna ta yau da kullum, ta nama ko goro, daga ita ma muka samo cingam ɗinmu. Gnaw kuwa gwaigwaya ce, yadda ɓera ke yi wa buhun masara ko kare ya zauna wa ƙashi. Kuma ba a furta g ɗin farko, don Allah ka kula da wannan, nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Munch tauna ce mai ƙara, ka tuna yaro da ƙuli-ƙuli a baki, garas-garas. Masticate kuwa, wadda ita ma tauna take nufi, bar wa likitoci da littattafan kimiyya.