Tambayoyinku: Wai Pagnol na dikte shi ne na silima?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a lise (makarantar sakandare) nan Garwa, ni nake rubuta ma ƙungiyarmu ta unguwa wasan kwaikwayo. Metir ɗinmu, wato malaminmu, ya ce wai Marcel Pagnol da ake mana dikte (shifta) da littafinsa asalinsa marubucin wasan dandali ne har fim ya yi, dan Allah da gaske ne? Don nima ina so in maida wasanmu fim da waya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, metir ɗinka ya faɗi gaskiya. An haifi Pagnol 1895 a Aubagne kusa da Marsey a kudancin Faransa, babansa malamin makaranta ne, shi ma ya koyar da Turanci kafin ya ajiye alli. Wasansa Topaze ya fito 1928, Marius 1929, suka karɓu sosai a Paris. To daidai lokacin ne fim ya fara magana, da can bebe ne sai a rubuta zancen a allo, shi kuma da ya je Landan ya kalli mai magana sai ya dawo ya ce nan zai koma. 1931 aka maida Marius fim, Alexander Korda ya ba da umarni, 1932 Pagnol ya buɗe kamfaninsa na fim, labarin César kuwa a 1936 kai tsaye don silima ya rubuta shi kuma da kansa ya ba da umarni.

Ya sha suka fa, har ana cewa wasan dandali ne kawai ya zuba a gwangwani. Amma ni abin da ke burge ni da shi, bai bari an wanke ma ƴan wasansa baki ba, Raimu da sauransu da karin harshen mutanen kudu suka yi magana, irin na masu zaman mashaya a bakin tashar jirgin ruwa, ana kati ana musu ana ashariya. A 1946 aka zaɓe shi a Akademin Faransa, majalisar da ke kula da harshen Faransanci, ɗan fim na farko da ya samu kujera a can.

Kai ma kar ka ce sai ka kwaikwayi Hausar Kano, in mai kifi a bakin Binuwai yana cakuɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci to haka za ka bar shi. Sai dai a dandali ɗaga murya ake don na baya su ji, a gaban waya kuwa ko raɗa ta isa, ka matso da ita kusa da fuska, kuma ka kula da iska da ƙarar babura don su ke cinye sauti.