Bawul na ƙarfe ko na dabba? Amsar tambayoyinku kan ciwon zuciya

Tambaya: Ƙanwata mai shekara 22 ko tsakar gida ta share sai haki, ƙafafunta sun kumbura, da dare ba ta iya kwanciya sai ta jingina. Hoton zuciya ya nuna bawul ɗin mitral, wato ƙofar da jini ke bi tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, ya tsuke. In za a canza shi, na ƙarfe za mu sa mata ko na dabba? Tana da aure, ba ta haihu ba tukuna.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya. A ƙasarmu irin wannan yawanci daga ciwon maƙogwaro na yarinta yake farawa: ƙwayar cutar da ake kira strep ta kama yaro, ba a ba shi penisilin ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jiki ta far wa gaɓoɓi da zuciya. Shekaru na tafiya bawul na ƙanƙancewa, jini na taruwa a huhu.

Kafin zancen canji, ku tambayi likita ko za a iya buɗe shi da balan-balan ta jijiyar cinya. Idan bawul bai yi tauri ba, ba ya zubar da jini da yawa ta baya, kuma babu gudan jini a zuciya, hakan kan yiwu.

Idan sai canji, na ƙarfe yana daɗewa, amma za ta sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, ana gwada INR (ma'aunin saurin daskarewar jini) ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Warfarin na iya nakasa jariri, musamman daga mako 6 zuwa 12 na ciki. Na dabba yawanci ba ya buƙatar warfarin har ƙarshen rayuwa, sai dai yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashiya ma da wuri, wato sai an sake tiyata. Mai son haihuwa, kuma mai nisa da wurin gwaji, mun fi karkata mata ga na dabba. Ko me aka yi, kada ta bar allurar benzathine penisilin duk mako uku ko huɗu.

Tambaya: Ina da bawul na ƙarfe. Wani mai kemis ya ce in bar warfarin in koma rivaroxaban, wani maganin hana jini daskarewa, babu wahalar gwaji. In saya?

Amsa: Malam, kada ka saya. Ba ya kare bawul na ƙarfe. Jini zai iya daskarewa a kansa ya toshe shi, ko gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. Ka tsaya kan warfarin. Ka guji diclofenac da ibuprofen, kuma Flagyl da Septrin na ƙara wa warfarin ƙarfi har jini ya ɓalle. Zogale da alayyahu ba a hana ka ba, amma ka riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako.