Fada, Ginshiƙi da Taswira: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na ga fuskar Fadar Buckingham, gidan sarautar Ingila da ke Landan, rataye a bangon wani otal. Ba kyamara ce ta ɗauka ba, zanen masu tsara gini ne aka yi wa launi, har da ma'auni a ƙasansa. Hoto ne, ko zane, ko taswira?

Amsa: Zane ne. Taswirar gini ita ce wadda aka leƙo shi daga sama kamar an yaye rufinsa, ana ganin ɗakuna da ƙofofi. Abin da ka gani zanen fuska ne. Akwai na uku, wanda ake tsaga ginin daga sama har ƙasa a nuna cikinsa. A ƙarni na 18 da na 19 masu tsara gini a Turai da tawada da launin ruwa suke yinsu, har da inuwa, don mai kuɗin aikin ya gani ya saki hannu. Ɗaliban tsara gini na Faris da suka yi zarra kuwa Rum ake tura su, su auna kangayen da, su aiko da zane. Irin waɗannan ne yau ake kwafa a kan ƙyalle ana sayarwa. In ka ce hoto ba ka yi laifi ba, Bahaushe duk abin da aka rataya a bango hoto ne a wajensa. Fuskar da ka gani ma ba tsohuwa ba ce can: mai tsara gini Aston Webb ne ya sake mata fasali a 1913. Aikin John Nash na shekarun 1820 yana bayanta.

Tambaya: Yaya za a kira salon ginin nan mai jerin ginshiƙai da Hausa?

Amsa: Salon farfaɗo da ginin Girkawa da Rumawa. Ya yi tashe bayan an fara tono garuruwan da aman wutar dutse ya binne a Italiya, Harkulaniyum a 1738 da Fomfei a 1748, lokacin da Turawa suka gaji da ginin da ado ya yi wa yawa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Tambaya: Daidai ne 'yan jarida su riƙa cewa "Fadar White House", alhali babu sarki a ciki?

Amsa: Daidai ne, har ya fi yadda suke zato. Fada ba gini ba ce tun asali. Gini shi ne gidan sarki, kamar Gidan Rumfa a Kano. Fada zaman ne: sarki da hakimai da fadawa, inda ake kai gaisuwa da ƙara. Shi ya sa ake cewa "an tashi daga fada", kuma daga nan muka sami bafade da fadanci. To idan aka ce Fadar White House ta musanta labari, ai ba ginin da James Hoban ya tsara aka aza harsashinsa a 1792 ne ya yi magana ba, mutanen cikinsa ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rubutun. Yaran yanzu ba ruwansu da lanƙwasa, sai ka karanta "an yi fada a fada" ka rasa wanne ne dambe wanne ne zaman sarki. Faɗa daban, fada daban. Wayar da ke hannunku tana da ɗ da ƙ da ɓ, ƙyuya ce kawai.

Tambaya: Ginshiƙi da al'amudi ɗaya ne?

Amsa: Kusan haka. Al'amudi aro ne daga Larabci, ya fi yawa a bakin malamai. Amma ginshiƙi sai ya ɗauki kaya, shi ya sa ake ce wa mutum ginshiƙin gidansu. Waɗanda ke riƙe da rumfar ƙofar White House ginshiƙai ne na gaske. Da yawa daga na fuskar Buckingham kuwa manne suke da bango, ado ne kurum, ni da zan ce musu ginshiƙan ado. Magina su ce "fila", aron Turanci, a wurin aiki, ban hana su ba. A rubutu dai a bar mana ginshiƙinmu, tunda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tsayar da na Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, ba da "fila" ba.

Tambaya: "Ba a rana ɗaya aka gina Rum ba" karin maganar Hausa ce?

Amsa: A'a, fassara ce. Namu shi ne sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.